Babin da Malam Ya Ƙyale

Tana zaune cikin kabad ɗin kaya, riguna na shafar kanta, makirfo a gaban bakinta, Gwaggo ta buɗe ƙofar.

"Baturiya, an kai ki ƙarshen duniya karatu, kin dawo kina yi wa tsummokara wa'azi?"

Ta ce kaya ne ke shanye amsa-kuwwa. Gwaggo ta ja tsaki, ta tafi ta bar ƙofar a buɗe.

Tun da ta dawo ba ta da kowa. Ƙawayenta sun yi aure, hirarsu ta wuce ta. Sai ta shiga wata ƙungiyar sa-kai da ke naɗar tsofaffin littattafai da murya don marasa gani. Aka ba ta wani littafin falsafa, aka haɗa ta da mai duba mata karatu, malamin da ya koyar da littafin har ya haddace shi kafin idonsa ya mutu.

Ƙa'idarsa ɗaya ce. In babi ya fita lafiya, saƙo zai turo: "Ya yi." In da kuskure, sai ya kira.

Ran da ya fara kira, gyaran bai ɗau lokaci ba, hirar ce ta ƙi ƙarewa. Daga nan kowane babi sai ta tsallake layi ɗaya. Shi ma bai taɓa tambayar dalili ba.

"Mai karatu," yakan ce, "yau ma kin ci min jimla. Yunwa kike ji ne?"

Gwaggo ce ta ji dariyarta ta bango, ta bi diddigi, ta kai wa Yaya labari: makaho ne, ga shekaru. Yaya bai yi mata faɗa ba. Lambar malamin ya ɗauka a wayarta.

Babi na gaba ta tsallake layi. "Ya yi."

Na bayansa ta zubar da sakin layi guda. Ta wuni da waya a hannu. "Ya yi."

Mutumin da ko numfashi ta ja ba daidai ba sai ya ji. A nan ta gane. Ta tambayi Yaya, ya ce eh, ya roƙe shi ya fita hanyarta, kuma mutumin kirki ne, bai musa ba.

Saura babi ɗaya littafin ya ƙare, a ba shi wata mai karatun. Ta shiga kabad ta karanta shi tsaf, ba ta bar ko wasali ba. Ta tura. Ta naɗe wayar makirfon ta sa a akwati.

Washegari da hantsi ya kira.

"Na ƙarshen ya yi," ya ce. "Na bayan ne. Na ƙyale su da giɓi, kuma wani irina zai saurara bai san an cuce shi ba. Ba zan iya sakinsu haka ba."

"Aikin ne kawai ya sa ka kira?"



"Da shi na samu hujja."

Gwaggo na bakin ƙofa, ta kasa kunne. Mai karatun kuwa ba ta rage murya ba.

"Malam, ba zan gyara ta waya ba. Ka zo ka nuna min wurin. A falonmu, Yaya na zaune."

Ta ji numfashinsa, irin wanda shi da kansa zai ce a yanke.

"Akwai matakala a gidanku?"

"Akwai. Zan tsaya a ƙasa."