Shinkafa a Jigawa

A wani ƙauye an yi wani manomi mai 'ya'ya biyu. Babbar cikinsu likita take son zama, ƙaramin kuwa ɗinki yake so. Uban ya ce, "Kowa jami'a!"

Ƙaramin ya roƙe shi. "Kowa jami'a!" Kawunsu ya sa baki. "Kowa jami'a!"

Da damina ta faɗi, uban ya ba yaron irin shinkafa, ya ce ya kai fadama. Yaron ya je ya shuka shi a jigawa.

Uban ya dafe kai. "Kai wane irin yaro ne? Shinkafa a rairayi? Ai kowane iri da ƙasarsa!"

Yaron ya ce, "To Baba, ni fa?"

Washegari uban ya ja hannun yaron zuwa shagon tela, yana ta mita har ƙofa.