Sunan da Aka Goge Daga Shafin Godiya

Kwalin littattafan ya iso gidan su Hidde ranar Asabar da hantsi, lokacin da mahaifiyarsa Mama Aukje ke zuba kofi. Nynke ce ta shigo da shi a rungume, tana haki tana dariya, ta dire shi a teburin kicin.

"Ga shi nan! Shekara huɗu na rayuwata a kwali ɗaya!"

"Shekara huɗu na shanuna dai," in ji Hidde, wanda za ta aura, yana cire takalman garke a bakin ƙofa. "Su suka yi ta sintiri gaban kyamara, ba wanda ya ce musu sannu."

Da gaskiyarsa. Binciken digirin dokta na Nynke a kan wata manhajar kwamfuta ne mai koyo da kanta, wadda ke duban tafiyar saniya a bidiyo ta gano ciwon ƙafa tun ɗingishi bai fito ba. Kwamfuta kuwa ba ta san saniya ba sai an nuna mata. Hidde ne ke zama kullum bayan tatsar safe yana tantance bidiyon ɗaya bayan ɗaya, wannan lafiya lau, wannan da matsala, har guda dubu arba'in.

A ƙasar nan ba mai fara karanta kundin dokta daga farko, duk farfesan da ya ce yana yi kuwa ƙarya yake. Baya ake juyawa, shafin godiya, a ga wa aka ambata, wa aka manta. Layukan ƙarshe kuma na masoyi ne, kowa ya san haka. Hidde ya goge hannu a wando, ya juya baya yana murmushi. Ya karanta. Ya sake karantawa. Murmushin ya tafi.

"Karanto mana, kunya kake ji?" in ji Mama Aukje.

Ya rufe littafin a hankali. "Ya yi kyau, Nynke. Bari in duba maraƙin nan." Ya fita.

Nynke ta fizgi littafin. Ga malamanta, ga abokan ofis, ga mahaifinta. Daga nan sai farar takarda. Layuka bakwai ɗin da ta rubuta wa Hidde tana hawaye sun ɓace! Gabanta ya faɗi, domin mutum ɗaya ne ya taɓa fayil ɗin bayanta. Tana wajen taro a ƙasar waje lokacin da maɗaba'a ta matsa, sai ta bar wa mahaifinta ya duba waƙafi da aya ya aika.

Mahaifin nata, Malam Douwe, tsohon malamin makaranta ne, shi kaɗai ya raine ta tun rasuwar mahaifiyarta. Da ta faɗo masa falo tana kuka, ko musu bai yi ba.

"Ni na cire. Littafin nan zai je hannun jami'ar Amurka da ke nemanki aiki. Su buɗe su ga kin rubuta wa wani manomi cewa ba inda za ki ki bar shi? Kujerar farfesa nake hango miki, ke kina hangen garke!"

"Haba Baba! Kalmomina ne fa, ba kuskuren rubutu ba!"

"Kuskure ne, kuma na gyara."

"Kwafi ɗari da hamsin, Baba! Tun daga maɗaba'a aka aika wa farfesoshi da laburare, har maƙwabtan su Hidde an aika musu. Da wane ido zai kalli mutane?"

Ya juya mata baya yana kallon taga. Ta fita tana jin ta tsani mahaifinta, tana kuma jin tausayinsa, don ta san tsoro yake kada wahalarsa ta tashi a banza.

Ta sami Hidde a garke ta faɗa masa komai.

"Na san ba ke ba ce," ya ce, muryarsa a dishe. "Amma ya yi zafi, ba zan ɓoye miki ba."

"Zan gaya wa kowa abin da ya yi!"

"A'a. Shi kaɗai ya rage miki, kada ki tona masa asiri saboda ni. Maganar aure kuma mu ajiye ta. Ba zan ɗauke ki daga hannun mutumin da ko sunana ba ya son gani ba. In ya yarda da bakinsa, ina nan. In bai yarda ba..." Ya juya ga shanunsa.

Makonni biyar suka yi a haka. A ƙauye magana ta bazu cewa ta zama dokta ta yar da shi. A shagon burodi ana yi masa jaje da ido, Mama Aukje ta daina amsa wayarta. Hidde bai kare kansa ko sau ɗaya ba. Nynke ta rame, ta kasa amsa wa Amurka e ko a'a, kullum tana gaban kwamfuta ba ta ganin abin da ke kai.

Ranar kare kundi ta zo. A al'ada mutum biyu ke rako ɗalibi su tsaya masa, kuma tun bara ta zaɓi Hidde. Ba ta zaci zai zo ba. Sai ga shi cikin baƙar kwat mai jela ta haya wadda ta matse shi a kafaɗa.

"Alkawari na ɗauka," abin da ya ce ke nan.

Farfesoshi suka shigo cikin rigunansu, tambayoyi suka fara zuba. Can wata tsohuwar farfesa ta gyara tabarau.

"Manhaja irin wannan ba ta wuce idon wanda ya koyar da ita. Taki tana gano ciwo kwana tara kafin likitan dabbobi. Na duba littafin har baya ban ga ko idon wa ta ara ba. Wane ne?"

Nynke ta ɗago kai. Ta kalli mahaifinta a layin gaba, ta tuna roƙon Hidde.

"Ga shi nan kusa da ni, ranki ya daɗe. Hidde Wiersma. Ba don shi ba, da babu ko shafi ɗaya. Rashin sunansa kuma... laifin daga wajena ne."

Malam Douwe ya sunkuyar da kai. Shi a zatonsa aron shanu kawai yaron ya bayar. Ashe littafin da yake taƙama da shi a kan idon manomin ya tsaya, ga shi kuma yaran biyu sun rufa masa asiri a gaban jama'a.

A wajen liyafa, ana cikin layin taya murna, tsohon ya buga cokali a jikin kofi don a saurare shi. Ya ciro wayarsa, inda ainihin fayil ɗin yake.

"'Yata ta ɗauki laifin da ba nata ba. Ni na goge wannan, girman kai ne ya sa ni." Ya karanta layukan bakwai, yana tsayawa yana share ido, har inda ta ce ba inda za ta ta bar shi. Sannan ya juya. "Hidde, ɗana, ka yafe mini. In har yanzu kana sonta, na yarda."

Hidde ya kama hannun tsohon da hannu biyu. Nynke ta fashe da kuka, Mama Aukje ta jawo ta jikinta.

Sun yi aure da bazara. Nynke ta karɓi aikin bincike a jami'ar da ke kusa, tana zuwa a jirgin ƙasa, sunanta kuma bai fasa zagaya duniya ba. Haƙurin Hidde ya samo masa abin da faɗa ba zai samo ba. Iyaye kuma su sani, son ɗa bai ba su ikon goge abin da zuciyarsa ta rubuta ba, kuma ba kowace ɓarna tuba ke gyarawa ba. Malam Douwe ya rasu bayan shekara uku, kwafin da ke laburare kuwa har yau shafinsa na ƙarshe fari ne.