Taliyar da Ta Tayar da Malam Harisu

Ranar kasuwar Ƙanƙara ce Maharazu ya tsaya gaban farantin taliyar murji, ya ɗaga sili ɗaya yana dubawa kamar mai sayen atamfa. Lokacin kuɗin mai sun cika ƙasa, ko'ina ana shimfiɗa kwalta, shi kuwa kuku ne a sansanin wasu Turawa masu aikin hanya.

"Wa ya murza wagga?"

"Ni," in ji Safara'u. "In ba saye za ka yi ba, aje mani abina."

Ya saye farantin duka. Mako na zagayowa ya dawo, ya sake sayewa. Kakarta Dada ta ce ko dai yaron nan bataliyar soja yake ciyarwa, ko kuwa ba taliya ke kawo shi ba.

Da maganar aure ta kai kunnen mahaifinta, Malam Harisu, sai ya murtuke.

"Ƙato da gemu shina hura wuta, shina ɗora tukunya? In an tambaye ni sana'ar surukina, in ce mi?"

Gide ɗan kwangila ya zo zance da sabuwar Fijo. Safara'u ta kai masa ruwa cikin ladabi, ta ba shi haƙuri. Malam bai tilasta ta ba, amma bai sauko ba. Ana cikin haka aka ɗauke sansanin zuwa Sabuwa.

Wata biyar ba ta sa shi a ido ba. Ranar kasuwa takan zauna gaban farantinta tana kallon kowace tifa da ta wuce, ko za ta gan shi. Kewa ta ci ta har Dada ta daina zolayarta. Wasiƙa kaɗai ke haɗa su, ta hannun wani direban tifa.

"Safa tawa," ya rubuto, "kullum ina dafa makaronin kwali, amma taki nake tunawa. Zan jira, ko titin nan zai kai Makka."

Da damina zazzaɓi ya kwantar da Malam. Zazzaɓin ya tafi, amma bakinsa ya mutu. Tuwo, kunu, fura, duk ya kau da kai, har wuyan rigarsa ya yi masa yawa. Safara'u ta rubuta wa Maharazu tana hawaye. Amsa ta iso da gwangwanin cuku irin na Turawa.

"Hasken idona, kada ki yi kuka. Ki narka man shanu, ki zuba fulawa cokali biyu, ki juya. Ki tsiyaya madara kaɗan-kaɗan har ta yi kauri, ki kankare cukun a ciki, sannan ki zuba dafaffiyar taliyarki. Kada ki ce daga wurina ne. Lafiyar Baba nake so, ba lada ba."

A gidansu ba a sayen madara, nono ake saye, don haka da nono ta fara. Yana jin wuta ya tsinke, ya bar ruwa gefe, gudaji gefe. Ta zauna bakin murhu ta yi ta kuka, rabi don tukunya, rabi don wanda ba ya kusa balle ya gyara mata. Kashegari da sassafe ta taka har ruga, aka tatso mata madara da ɗuminta. Wannan karon miyar ta yi santsi, cukun ya narke yana bin ludayi.

Malam ya sinsina, ya ɗanɗana, ya ƙara. Bai ɗago ba sai da ya suɗe kwanon. Kwana uku a jere yana cewa a ƙaro.

"Ɗiyata, ina kika koyi wanga girki?"

Safara'u ta sunkuyar da kai. Dada ce ta amsa, don ita ba wanda ya sa ta alkawari.

"Wurin ƙaton nan mai hura wuta. Ya ce kada a gaya maka."

Malam ya aje kwanon.

"Ku ce mashi shi turo magabatanshi."

Bayan girbi aka ɗaura aure. Ana tsakiyar addu'ar Allah ya ba da zaman lafiya da zuriya ɗayyiba, wani baƙo ya matso ya tambayi Malam Harisu sana'ar ango.

Malam ya gyara zama, ya ɗaga murya yadda na bayan sahu za su ji.

"Kuku ne. Allah shi yi mashi albarka."