Littafi Mai Koren Bango

"Wannan akwatin fa? Duwatsu kika zuba a ciki?" Burul Apa ta faɗa tana jan shi da hannu ɗaya, ya ƙi ko motsi.

Jipar ta gyara farin ɗankwalinta na amarci, ta sunkuyar da kai. "Littattafai ne, Apa."

"Littattafai! Mutane na ɗaure gari da gishiri za su hau dutse, surukata na ɗaure takarda. Goɗiyoyin ne za su karanta?"

Ranar ce gidan ke kwashe kaya zuwa rugar bazara, can saman duwatsun Narin, inda za su yi wata uku da dawakai. Watan Jipar takwas da auren Kubat, autan Burul Apa (Apa a yarensu na nufin uwa), kuma kowa ya san auta shi ke zama da uwa, matarsa ita ke ɗaukar gida. Kafin aure Kubat ya rantse mata ba za ta bar koyarwa ba. Da gaske kuwa ya rantse, sai dai lokacin uwarsa ba ta wurin.

"Na 'yan aji tara ne da za su shiga babbar sakandare bayan hutu," in ji Jipar a hankali. "Na rubuta musu sunayen littattafai goma sha biyu. Iyayen da yawansu a duwatsun nan suke kiwo, na ce duk mai so ya zo rugarmu ya ara. Ba dole ba ne, Apa, babu ko maki."

"Ba maki, ba duka, ba dole?" Tsohuwar ta kwashe da dariya har da riƙe ƙugu. "Yaron da ya samu doki da sararin Allah zai hawo dutse neman littafi? To ki saurare ni, amarya. Ni gwiwata ta gaji, gidan nan na buƙatar mace. Idan mutum ɗaya tak ya zo da ƙafarsa, don ransa ya so, ya ari littafin nan kafin a sauke zoben katakon saman tanti ranar da za mu tashi, ki koma makarantarki, ba zan ƙara magana ba. Idan babu, kin ajiye alli ke nan."

"Apa, ai mun riga mun yi magana..." Kubat ya soma.

"Kai da wa?"

Ya mai da kai kan igiyar da yake ɗaurewa, kamar ita ce ta yi tambayar. Wannan shirun ya fi dariyar uwarsa yi wa Jipar ciwo. Ta ce, "Na yarda, Apa."

Rayuwar ruga ba ta da wuyar bayani: tatsa ce, sau biyar a yini. Goɗiya ba ta sakin nono sai ɗanta ya fara tsotsa, don haka Burul Apa ke riƙe dukushin a gefe, Jipar ta durƙusa da gwiwa ɗaya ta tatsa. Mutum biyu, kafaɗa kusa da kafaɗa, amma sai a wuni ba abin da ya haɗa su ban da "matsa" da "ya isa". Kubat kuwa direban motar tara nono ne, ranar Juma'a kawai yake hawowa, ya kwana ɗaya ya sauka. Waya ba ta kamawa sai an hau wani dutse mai nisa, kuma amarya ba ta barin shayin surukarta ya huce don ta je jin muryar miji.

Kewa ta ci Jipar ƙwarai. Tana kewar hayaniyar aji, tana kewar mijinta ko da yana zaune gabanta, don a gaban uwarsa sai ya zama wani baƙo mai yawan kallon kofi. Bayan kowace tatsa takan tsaya bakin tanti, ta kare ido da hannu, ta dubi siririyar hanyar da ta hawo daga kwari. Sau ɗaya ta hango mahayi, zuciyarta ta buga, har ta buɗe akwatin. Ashe wani dattijo ne mai cigiyar rago.

"Ɗalibin naki ya ɗan manyanta," in ji Burul Apa, tana miƙa masa ƙwaryar kimiz, nonon goɗiya mai tsami.

A mako na biyar Jipar ta buɗe akwatin don ta kakkaɓe ƙura, sai ta ga babu littafi mai koren bango, wanda ta fi so, labarin wata yarinya da ta bi sawun raƙumin ubanta da ya ɓace. Da safen nan kuwa ta ga tsohuwar na cusa takarda ƙarƙashin busasshen kashin shanu tana hura wuta. Ta zaga bayan tanti ta yi kukanta mai isarta, ta share ido da gefen ɗankwali, ta dawo ta zuba shayi. Ba ta tambaya ba. Suruka ba ta tuhumar uwar miji, ko da ta ga toka.

Saura mako biyu a tashi, Kubat ya hawo da fara'a har kunne, ga wata yarinya a gaban mota. Merim ce, 'yar ajin Jipar.

"Apa, fito ki gani! Ga ɗaliba ta zo aron littafi!"

Jipar ta rungume yarinyar. Amma da ta dube ta da kyau sai ta ga Merim ko kallon akwatin ba ta yi, idonta na kan wayarta.

"Merim, gaya mini gaskiya. Ke kika ce a kawo ki?"

Yarinyar ta saci kallon Kubat. "Malama... Kawu Kubat ne ya ce in rako shi, wai in ce littafi nake so, zai sa mini data."

Jipar ta ɗauko littafi ɗaya ta ba ta. "Karɓi, ki karanta in kin ga dama." Sannan ta juya wajen surukarta. "Apa, wannan ba ta cikin lissafi. Kawo ta aka yi."

Burul Apa ta dube ta, ta shige tanti.

A bakin rafi Kubat ya same ta, ransa a ɓace. "Jipar, me ke damunki ne? Na buɗe miki ƙofa kin rufe da hannunki! Wa zai sani?"

"Ni zan sani! In tsaya gaban yara kullum alhali da ƙarya na shigo ajin? Ba dabara na nema a wurinka ba, Kubat. Baki na so ka buɗe ranar nan, ka ce Apa, na yi mata alkawari. Shi ke nan fa!"

Ya tsaya kamar an watsa masa ruwan rafin. "Tsoron ɓacin ranta nake," ya ce can ƙasa. "Tun rasuwar Baba ni kaɗai gare ta."

"Ni ma a dutsen nan kai kaɗai gare ni," ta ce, hawaye na zuba. Ya kama hannunta, ya ji yadda tatsa ta farfasa shi.

Ranar tashi ta zo da sanyin kaka. An kwance dukusai, an naɗe shimfiɗun ulu, tanti ya zama ƙwarangwal, saura zoben sama. Jipar ta dubi hanya karo na ƙarshe. Ba kowa, sai iska da ciyawar da ta soma ja. Ta rufe akwatinta, ta ɗaure shi tam.

Kubat ya ɗauki sandar sauke zobe, sai ya jingine ta. Ya je gaban uwarsa, fuskarsa ta yi ja. "Apa, ki yafe mini. Na yi wa matata alkawari kafin ki yi naki sharaɗin. Ba zan iya..."

"Sai yau ka tuna kana da harshe? Matsa can, kuma kada wanda ya taɓa zoben nan!" Ta sa hannu cikin rigar sanyinta ta zaro wani abu ta dangwara kan akwatin. Koren bango ne, ya sha maiƙon nono, da gashin wutsiyar doki a shafin ƙarshe.

"Amarya, wane irin rashin imani ne wannan? Yarinya ta iso bakin kogi, ga sawun raƙumi a tsallake, sai kawai a ce wai ƙarshen kashi na ɗaya? Ina sauran? Sau uku ina birkice akwatin nan kina wajen ɗiban ruwa!"

Jipar ta dafe ƙirji. "Apa... na zaci kin hura wuta da shi."

"Da kwalin shayi na hura wuta, mara kunya! Ina sauran, na ce?"

"Yana makaranta, a kabad ɗin ajina."

"Wa ke da makulli?"

"Malamar ajin."

"To, sai malamar ajin ta je ta buɗe." Tsohuwar ta kau da kai wajen dawakai, muryarta ta sauka. "Aji takwas na gama, a zamaninmu daga nan ake shiga babbar sakandare, ni ce ta ɗaya. An ba mu irin takardar nan taki ta hutu. Shekarar aka ƙara wa babana garke, na hawo dutse, ban sake sauka aji ba. Shekara arba'in da ɗaya ke nan ina shirin shiga babbar sakandare. Na ce mutum ɗaya, da ƙafarsa, don ransa ya so. Ni ba mutum ba ce? Akwai wanda ya sa mini data?"

Jipar ta durƙusa ta rungume gwiwoyin nan da suka gaji, tana kuka tana dariya. A karo na farko Burul Apa ta dafa kanta ta ce, "Ya isa, 'yata. Ranar da kika mai da yarinyar nan na san wadda ɗana ya auro. Kai kuma, sauke zoben, rana na yi!"

Da Jipar ta karɓi ƙaryar da aka kawo mata a mota, da ta koma aji da kunya, ta kuma rasa uwa. Ta yi haƙuri, ta riƙe gaskiya a ranar da gaskiyar ke neman raba ta da abin da take so, sai Allah Ya haɗa mata duka. Kubat ma ya koyi cewa biyayya ga uwa ba ta hana namiji tsayawa kan alkawarinsa. Ranar da aka koma makaranta, Burul Apa ce ta tashe ta da sassafe, tana faɗa: "Yi sauri, Malama! Kada kuma ki dawo mini gidan nan ba kashi na biyu."