Hoton Umma a Bakin Titi

"Fito ki gani! Fito ki ga abin da karatunki ya jawo mana!"

Yaya ne ya finciko hannun Auta tun daga tsakar gida har bakin titi, ko mayafi ba ta gama yafawa ba. Ya nuna sama. A kan ƙaton allon talla da ke mararraba, ga Ummansu tana shanya, tana dariya, ɗankwalinta ya zame. A ƙasa an rubuta sunan wani sabulu.

Umma, da ƙasar kabarinta ko bushewa ba ta gama yi ba.

"Yaya... wallahi gwaji kawai suka ce..."

"Gwaji? Matar da ko a taron suna ba ta yarda a ɗauke ta hoto! Abba ya gani a hanyar masallaci. Tun da ya dawo bai ce uffan ba."

Tun da Auta ta gama karatun harkar talla take yawo ofis-ofis, har takalminta ya siɗe. Ko'ina tambaya ɗaya ce: kin taɓa aiki a wani wuri? To a ina za ta taɓa, in ba wanda ya ɗauke ta? Ana haka Dogo, saurayinta, mai zane a kamfanin sabulun, ya ce ana neman ma'aikata a wurinsu. Su ba sa doguwar tambaya, sai su ce kowa ya haɗo tallan gwaji. Auta ta tuna hoton da ta ɗauki Umma a ɓoye kafin ciwo ya kwantar da ita. Da shi ta haɗa nata ta miƙa. Suka ce za su kira ta. Shiru kake ji.

Daga bakin titin, kai tsaye ta wuce kamfanin.

Manaja ya tarbe ta da fara'a har kunne.

"A'a, ga mai basira! Tallanki ya karɓu, malama. Dama muna shirin kiranki."

"Ku sauke shi."

"A sauke? Zauna tukuna. Akwai kujera a sashen talla, ko gobe ki fara. Hoton dai zai tsaya, mu ƙara a wasu titunan."

Ga abin da ta daɗe tana roƙon Allah, an ajiye mata a gaba. Ta juya don kada ya ga hawayenta, sai idonta ya faɗa kan teburin Dogo. Fuskar Umma ce cike da kwamfutarsa.

"Kai ka gyara shi?"

Ya miƙe a ruɗe. "Sahibata, ki saurare ni..."

"Kai? Kai da kafaɗarka ta ɗauki makararta?"

"Don ke na yi! Manaja ya ce in tallan ya karɓu zai ɗauke ki. Na gaji da ganinki kullum kina dawowa da jajayen idanu. Ki karɓa, rabin raina, mu biyu muna aiki, sai a sa mana rana. Da Umma tana raye ai..."

"Kada ka ƙara ambatonta!"

Ta goge fuska da gefen mayafi ta dubi Manaja.

"Ban ba ku izini ba, mahaifina ma bai ba ku ba. Ku riƙe kujerarku. In ba ku sauke ba, Yayana zai kai ƙara."

Fara'ar nan ta ɓace kamar an share.

"Za a sauke. Amma ki sani, mu masu talla duk mun san juna. Ba ƙofa ɗaya kika rufe wa kanki ba."

A bakin ƙofa ta tsaya. Zuciyarta ta ƙi tafiya ba tare da Dogo ba.

"Dogo, zo mu je. Ka ba Abba haƙuri da bakinka, na san zai ji ka."

Ya dubi Manaja, ya dubi teburinsa.

"Auta... ƙannena duk a kaina suke. In na fita yanzu..."

Ta jira. Allah Ya sani ta jira. A hankali ya koma ya zauna, kansa a ƙasa.

A gida ta tarar da Abba zaune kan tabarma a ƙofar ɗakin Umma. Ya rame, rigar ta yi masa yawa. Ta durƙusa daga nesa.

"Abba, ka yafe mini. Za su sauke."

Ya ɗago ya dube ta.

"Sun ba ki aikin?"

"Sun ba ni... na ƙi."

"Shi yaron fa?"

Nan kukan da take riƙewa ya ƙwace mata. Ta kifa kai a ƙasa tana shessheka, har ta ji tafinsa a kanta.

"Ya isa, Autana. Ya isa haka. Allah Ya musanya miki da mafi alheri."

Ya gyara murya, ta ƙi gyaruwa.

"Hoton nan... yana cikin wayarki?"

Ta gyaɗa kai a tsorace.

"Miƙo mini. A titi mutane sun yi yawa, na kasa tsayawa in kalle ta."

Ta buɗe ta miƙa masa. Ya karɓa da hannu biyu, ya matso da ita kusa da fuskarsa, hawaye na bin gemunsa.