Harsashi Na Goma Sha Ɗaya

Ranar Asabar da hantsi aka tsinci gawar makiyayi Festus a bayan gonar dattijo Oom Sarel, kusa da garin Outjo, da harsashi a ƙirjinsa. Kafin azahar an kulle Gotthard, mai bin sawun dabbobi a gonar, don kawai yana da tsohuwar bindiga. Haka aka saba: a kama wanda ba shi da lauya, a rufe fayil, a tafi gashin nama.

Sufeto Tjiveze bai sa hannu a fayil ɗin ba. Ya koma gonar.

Mutum biyu ne suka yi harbi a filin gwajin bindiga na gonar da safen nan: Oom Sarel da baƙonsa Dokta Kotzé. Dukansu da hannunsu suke haɗa albarushi su ɗura a harsashi, kuma ba sa harba ko ɗaya sai na'ura ta auna gudunsa. Kowannensu ya rantse goma ya harba, duk cikin tudun ƙasa.

Oom Sarel ya nuna tasa na'urar, akwati mai aiki da haske, a kafe taku biyar gaban bindiga. Sai harsashi ya bi ta tsakanin sandunanta take ganinsa. Sufeto ya duba: lamba goma, huda goma a allon harbin da ke gaban tudun.

"Tsohuwa ce kamar mai ita," in ji Dokta. "Girgije ya gifta, ta makance."

"Amma ba ta ƙarya, yaro," Oom Sarel ya mayar masa.

Dokta ya shiga yabon tasa. Ta maganaɗisu ce, a bakin bindiga ake ɗaure ta, ba ruwanta da rana ko inuwa.

"Ke nan duk inda bindiga ta juya tana biye da ita, Yallaɓai?"

"Ko'ina, Sufeto. Harbi ɗaya ba ya wuce ta."

Sufeto ya ƙirga hudar allon Dokta, goma. Ya karɓi na'urar ya latsa. Lamba goma sha ɗaya.

"Wannan na ƙarshen ina ya tafi?"

Dokta ya ce na jiya ne. Oom Sarel ya tuna masa jiya yana birnin Windhoek, kuma a gabansa ya share na'urar kafin su fara. Ya kuma tuna ya bar Dokta shi kaɗai a filin ya tafi ɗauko kofi.

Dokta ya zauna a kan benci. Ya ce motsi ya gani a cikin ƙaya bayan tudun, ya zaci gwanki ne, ya juya ya harba.

"Me ya hana ka goge lambar?"

"Shi ne ya fi duka gudu," ya faɗa a hankali. "Wata uku nake neman wannan haɗin albarushi."

Sufeto ya sa masa ankwa da kansa.

Da la'asar ya buɗe wa Gotthard ƙofa a gaban shugaban ofis, wanda ya kasa ɗaga kai daga fayil. Gotthard ya karɓi hularsa, ya tambayi inda aka kai Festus. Sufeto ya ɗauki makullin mota, ya kira shi da Tate, wato Baba, ya ce, "Taho, Tate, ni zan kai ka."