Wanda Ya Rufe Idon Injin

Sufeto ya shigo ofis da safe idanunsa jajur, domin bai runtsa ba. A masana'antar kwalabe, injin ɗaukar kaya ya matse wani ma'aikaci har lahira. An riga an tsare shugaban ƙungiyar ma'aikata, wanda kowa ya ji yana rantsuwa sai ya lalata injin, don ya raba mutane da aikinsu. Gobe za a kai shi kotu.

Wata filasta ce ta hana Sufeto sakat. Injin yana da wani ɗan ido da ke tsayar da shi da zarar mutum ya matso, an kuwa manne idon da filasta. Amma filastar ta tsufa, ta sha maiƙo har ta yi baƙi, alhali rantsuwar shugaban ƙungiya ta kwanan nan ce.

Manajan masana'antar ya ce shi ba ruwansa, tsautsayin inji ne. Da tambaya ta yi tsanani, sai ya amsa cewa tuntuni ya yi gargaɗi: muddin giftawar mutane ta ci gaba da tsayar da injin, zai sallami sauran ma'aikatan sashen.

"Wa ka faɗa wa?"

"Fomen mana. Da injin zan faɗa wa?"

Fomen, mai kula da ma'aikatan sashen, wanda kuma yayan mamacin ne, ya rantse ko kusa da idon bai taɓa zuwa ba.

A gidan makoki, matar mamacin ta yi magana kanta a sunkuye.

"Yallaɓai, shi fa hankalinsa kwance yake. Ya ce Yaya ya yi musu dabara, injin ya daina tsayawa, ba mai korar su."

Fomen yana tsaye a bakin ƙofa, ya ji komai. Sufeto ya ja shi gefe, ya jira. Sai Fomen ya buɗe baki.

"Kullum sai na ce musu su kula. Da ban rufe idon ba, da duk sun koma gida." Muryarsa ta karye. "Ni na samo masa aikin nan, Yallaɓai."

Sufeto bai sa masa ankwa a gaban dangi ba. Ya buɗe masa ƙofar mota, ya buga waya a saki shugaban ƙungiya.

A hanya ya biya masana'antar, ya tarar har an sake tayar da injin, mutane na ta giftawa gabansa. Ya kashe shi da hannunsa, ya zare makullin ya sa a aljihu, sannan ya ce wa sajen da ke tare da shi ya hau sama ya sauko da manaja.